Injin Jirgin Auta Yana Nan Doha

Najma, Doha,
9 ga Maris, 2007.

Zuwa ga yayana Ghali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da dukan mutanen gidanmu na Yawuri. Yaya ƙafar Baba? Na ji an ce yanzu sai da sanda yake gangarawa bakin ruwa. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Na yi murna ƙwarai da haihuwar Maimunat, Allah ya raya mana jaririyar a kan sunna. Ni ma nan lafiya lau nake, sanyi ya wuce, zafin kuma bai kankama ba tukuna.

Yaya, sau uku kana tambayata a waya maganar injin jirgin ruwan da na yi wa Auta alkawari, sau uku ina kauce maka da zancen masu kargo. Ka yafe mini, ba gaskiya na faɗa maka ba. Injin yana hannuna tun watan Janairu, yana jingine a kusurwar ɗakinmu nannaɗe da bargo. Mai ɗaukar kayan ya zo har sau biyu, na ce ya dawo wani makon. Ba rowa ba ce, ba kuma wani abu Auta ya yi mini ba. Wani al'amari ne ya faru a wurin aikina da ya ɗaure mini kai, na ga gara in rubuta, don a waya bakina ba ya iya jera shi.

Ka san aikina tuƙa motar sanyi ne, ina kwaso kifi daga tashar jiragen Wakra in kai kasuwa. Kafil ɗina, wato Balaraben da ya ɗauko ni aiki, dattijo ne da muke kira Abu Hamad. Jiragen katako huɗu gare shi, kowanne yakan yi kwana huɗu ko biyar a teku. Ba taru suke ja ba, wani irin gura ne na waya, babba kamar akurki, suke zubawa a ƙasan ruwa, suna ce masa gargur. Kifin da suka fi ji da shi hamur ne, kamar yadda muke ji da giwan ruwa. Shekarar da na zo, hamur ɗaya sai na sa hannu biyu nake ɗaga shi. A watan jiya kuwa, wata safiya jirage biyu suka shigo, dattijon ya buɗe akwatin ƙanƙara da kansa, ya zaro wani hamur da bai wuce tsawon tafin hannuna da yatsu ba. Ya daɗe yana juya shi. Daga nan ya mayar, ya goge hannu, ya ce khalas, wato shi ke nan. Kafin mako ya zagayo an janye jirage biyu an ɗora su a tudu.

Ɗansa Hamad bai yarda ba, a gabana suka yi ta musu a cikin mota. Larabcina bai kai ko'ina ba, amma na tsinci abin da ake faɗa. Ɗan yana cewa ba wanda ya tilasta musu, takardun jiragen ba su mutu ba, kuma kifin da suka bari maƙwabta ne za su kwashe. Uban ya ce ya zauna da jami'an kula da kamun kifi, sun nuna musu cewa jirage sun fi ƙarfin abin da ke cikin ruwan, kifi ba ya samun sararin girma balle ya hayayyafa. Ya ce amma shi ba takardarsu ce ta gaya masa ba, hannunsa ne, don shekara hamsin yana ɗaga kifin nan. Ya ce in ana jiran kowa ya yarda kafin a rage, to ranar da za a yarda babu abin da ya saura.

Da a nan maganar ta tsaya, Yaya, da na ce dattijo ya yi hankali in wuce. To amma mutum goma sha uku ne ke cin abinci a jiragen nan biyu, kuma ɗaya daga cikinsu Dramani ne, abokin ɗakina da na sha ba ka labarinsa, mutumin Gana ɗan zangon Yeji. Shi ne makanikinsu. Shi ya zaɓo mini injin Auta a hannun wani mai gyara, ya kwance shi ya sake haɗawa da hannunsa, bai karɓi komai ba. Yanzu an ce masa babu aiki, gida zai koma. 'Yarsa Mufeeda tana tsakiyar karatun jinya, matarsa Adjara kuma ba ta da ƙoshin lafiya. Ranar da aka gaya masa na yi fushi matuƙa, na ce wannan zalunci ne, an fifita kifi a kan mutane. Ka san abin da ya ce? Ya ce in yi shiru, dattijon yana da gaskiya. Ya ce a tafkinsu na Volta ya gani da idonsa, kowane gida ya yi ta ƙara jirgi, ana ta rage idon raga, har ta kai mahaifinsa yakan wuni a ruwa ya dawo da abin da bai cika kwano ba, kuma abin da ya koro shi daga gida ke nan. Washegari kuma na dawo daga aiki na tarar da shi zaune a kan jakarsa yana share hawaye, yana cewa gaskiyar dattijo ba za ta dafa wa Adjara tuwo ba. Na rasa wane Dramani zan saurara.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne ranar Talatar nan. Ina tsaye a tashar sai na ga jirgin maƙwabcinmu yana shirin fita, an jibga masa gargur har ya kusa rufe ɗakin direba, ya ninka abin da ya saba ɗauka. Hamad ya nuna mini da baki ya yi dariyar takaici. To wa aka yi wa tanadin kifin? Ni kaina motata yanzu rabi nake cikawa, ban sani ba ko gobe a ce direba ɗaya ya isa.

Duk lokacin da na kalli injin nan sai in tuna gida. Jirage biyu ke fita daga gidanmu, na Auta zai zama na uku, kuma kai ka fi ni sanin cewa jirgi mai inji yana kai inda masu filafili uku ba sa kaiwa. Kai da bakinka ka ce mini bara ƙarfasa ta ƙanƙance, ƙananan kifin nan warangi ma sai an yi nisa. Na tuna lokacin da aka hana jan dala, babban tarun nan mai kwashe har 'ya'yan kifi, yadda Baba ya yi kwana biyu bai ci abincin kirki ba don ɓacin rai, daga baya kuma shi ne ya riƙa cewa hanin ya yi amfani. Amma kuma na san in Auta bai sa jirgi ba, gidan da ke kusa da mu za su sa. Yaron ya kai munzalin ya tsaya da ƙafarsa, kuma a gaban Inna na yi masa alkawarin nan. Wani lokaci in ce a sa injin a tsohon jirginka a daina maganar sabo, wani lokaci in ce ya riƙa jigilar mutane da kaya ranar kasuwa. Sai kuma in ce wane ne ni, da nake zaune a ƙasar mutane ina tuƙa mota, da zan tsara wa masunci yadda zai yi da ruwan da aka haife shi a bakinsa?

Abin da nake roƙo, kada ka ce wa Auta na fasa, don ban fasa ba. Ka zauna da Baba ku biyu ka karanta masa wannan takarda daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake inda na yi shirme. Ka tambaye shi ko ruwanmu zai ɗauki jirgi na uku. In ya ce in aiko, wallahi a makon zan aiko ban ƙara tambaya ba. In ya yi shiru, ka gaya mini ya yi shiru, kada ka amsa a madadinsa.

Ka gaishe mini da Baba da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'arsu. Ka gaida Yaya Khadijat da mai jego Maimunat, da Kawu Ɗantala da iyalinsa, da Fausatu da 'yan makarantarta. Auta kuma ka ce masa yana raina. Dramani ma ya ce in gaishe ku, ko da yake bai san ku ba sai a baki. Ranar Alhamis jirgin saman da zai mayar da shi gida zai tashi. Dattijo ya ba ni izini in kai shi filin jirgi a motar kifi, tunda yanzu akwai wurin kayansa a baya.

Naka ƙane,
Ɗalhatu.