Na Kira Sunan 'Yar Fari a Gaban Mutane

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan Allah ya yalwata makwancinki.

Inna, na yi abin da ba ki taɓa yi ba, kuma tun ranar nake jin nauyinki kamar kina tsakar gida kina kallona.

Ni ce 'yar farinki. Kin riƙe alkunya har kika koma ga Allah, ba ki taɓa kama sunana ba. "Ku ce wa waccan ta zo ta ci tuwo," haka kike cewa. Kowa na yaba kawaicinki. Ni kuwa na ɗauka wani aibu ne a jikina. Da wannan faɗuwar gaba na girma. Har na zama malama, in hedimasta ya aiko kirana sai in yi ta laluben abin da na ɓata.

Abin kunyar, kullum ina ce wa 'yan ajina a nan unguwar Doka ta Kaduna su buɗe baki su faɗi damuwarsu, sannan in dawo gida in yi wa Bilkisu, tawa 'yar farin, yadda kika yi mini.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, Bilkisu ta fara ciwon ciki duk safiya. Asibiti suka ce lafiyarta lau. Rannan na jiyo ta a bayan madafa tana tambayar ƙanwarta, wai me ta yi wa Mama da ba ta son ta.

Ranar suna a maƙwabta, gida cike da mata, na hango ta a rakuɓe tana cizon bakin ɗankwalinta, irin yadda nake yi. Na ce, "Bilkisu, zo nan kusa da ni." Mata suka juyo suna kallona. Wata tsohuwa ta ce boko ya cinye kunyar matan Kaduna. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ban ɗauke hannuna daga kafaɗarta ba.

Da muka koma gida, na gaya mata ina son ta, kuma ni ma gabana yana faɗuwa. Ciwon cikin ya lafa. Tawa faɗuwar gaban ma tana raguwa, tun da na daina ɗaukar kaina mai laifi.

Sai yanzu na gane ashe ke ce kike ɓoye mini tsokar nama a ƙarƙashin tuwo ina yarinya.

Ki yafe mini, Inna. Allah ya jiƙan ki, ya haɗa mu inda za ki kira ni ba tare da jin nauyi ba.

'Yarki, bari in faɗa miki sunan,
Rakiya