Fayil Goma Sha Ɗaya da Suka Gagare Ni

Ni, Lorene Haskett, ina rubuta wannan da hankalina a jikina. Ciwon ya cinye ƙafafuna amma bai taɓa kaina ba, ko da yake an daɗe a garin nan ana cewa kan nawa da motsi. Dalton, Marcy, 'ya'yana, ku karanta tare.

Na ɗaya. Gidan nan na Las Cruces naku ne ku biyu. Tsohuwar a-kori-kura ta Dalton ce, shi ya san lallashinta.

Na biyu, akwatunan fayil-fayil ɗina da ke gareji. Shekara ashirin da shida, Litinin zuwa Juma'a ina rubuta wa kamfani manhajar kwamfuta, Asabar kuma in kama hanya wurin duk wanda ya kira ƙungiyarmu ta sa-kai ya ce ya ga wani abu a sama. Mutum ɗari huɗu da ɗoriya na zauna da su. Yawanci na gano bakin zaren: jirgin soja ne, ko tauraron ɗan'adam, ko balan-balan ɗin masu auna yanayi. Goma sha ɗaya sun gagare ni. Maigidana a ofis ya taɓa ce min in zaɓi ɗaya, aiki ko bin sawun abubuwan da ake gani a sama. Ban iya zaɓa ba. Yaran da na koya wa aiki suka zama shugabannina ina kallo.

Na san kun yi wata biyu ba ku magana saboda akwatunan nan. Marcy na so a kai wa ƙungiya, Dalton na so a cinna musu wuta. To, Dalton, ƙona waɗanda na warware, ka huce. Goma sha ɗayan nan ka bar wa ƙanwarka. Marcy, ki goge sunayen mutane kafin ki miƙa, amana suka ba ni.

Na uku. Opal Treadway, tsohuwar nan mai kiwon shanu a hanyar Deming. Da rana tsaka ta ga abu kamar faifai tsaye cak bisa rijiyarta, ba ƙara ba hayaƙi, shanunta duk suka durƙusa. Har a ƙofar coci ake tsokanarta: "Opal, yau baƙin naki na wata duniya ba su zo shan kofi ba?" Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ki dai gaya min ba hauka nake ba." Na ce ta ba ni wata uku. Yau shekara tara. Marcy, ki je da ƙafarki, kada ki buga waya. Ki ce mata ban gano ba, kuma ban taɓa zaton ƙarya take ba.

Na huɗu naka ne, Dalton. Ranar bikin kammala karatunka ina gonar Opal ina auna ƙasa. Da na dawo ka ce, "Mama, da daga sama na faɗo, da kin zo." Na yi ta cewa in na rufe fayil ɗin zan zo in ba ka haƙuri da hujja a hannu. Hujjar ba ta zo ba. Ga haƙurin tsurarsa.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su same ku a gida. Ranar Bikin Godiya na shekara-shekara ku ci abinci a tebur ɗaya, ko da ba wanda zai ce uffan. Ba ni da ƙarfin tilasta muku, roƙo ne kawai. Kada ku saki juna.

Mahaifiyarku,
Lorene