Sajan ya cinye mana takalma, Yaya kuma zai kashe Sajan da ƙashin ragon suna

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, yayana yana cikin guruf ɗin nan, shi ne wannan da yake bin ƙasan rubutun kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Ba na fargabar ya gane kansa, ba ya karanta abin da ya wuce layi uku. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku hanzarta, ranar Asabar abin zai fashe.

Ni ɗan sakandare ne, gidanmu yana Koki, irin tsohon gidan nan mai zaure biyu. Abbanmu yana kiwon raguna a bayan gida, bara aka haura katanga aka ɗauke masa biyu, shi ne wani kawunmu ya kawo masa ɗan kwikwiyo daga ruga ya ce idan ya girma ya yi gadi. Kakarmu Hajiya sai da ta ɗaure kayanta za ta bar gidan, ta ce tun da aka kafa shi kare bai taɓa taka shi ba. Da ƙyar aka shirya a kan zai zauna a garke, ba zai shigo tsakar gida ba, kuma ni zan kula da shi tunda ni ne auta, duk aikin da kowa ya ƙi nawa ne. Na sa masa suna Sajan, saboda yadda yake tsayawa ƙiƙam a ƙofar garke yana hararar raguna alhali bai kai ƙafar ɗayansu tsawo ba. Ban yi niyyar shaƙuwa da shi ba, amma yanzu ko gyaran muryata ya ji daga zaure sai ya hau tsalle.

Matsalar ta fara ne da ya soma canza haƙori. Bakinsa na ƙaiƙayi, komai ya samu sai ya gwagwiya, igiyar raguna, bakin buta, ƙafar benci. A nan Yaya ya shigo. Yayana magidanci ne, yana zaune da matarsa a sashensa cikin gidan, sana'arsa sayar da caja da gidan waya. Bai taɓa kiwon ko kaza ba, amma ya kalli bidiyo biyu a waya, tun daga ranar ya zama farfesan karnuka na Afirka ta Yamma. Ya zo garke yana riƙe da ƙugu ya ce ni ban san komai ba, ya ɗauko tsohon takalminsa na fata, wanda ya sha tafiya har ya buɗe baki yana neman agaji, ya jefa wa Sajan. Na ce Yaya ba zai ɗauka duk takalmin duniya nasa ne ba? Ya ce, "Kai yaro ne, kare yana gane abinsa da wari."

To ya gane. Ya gane cewa duk abin da yake warin ƙafa abinci ne. Ku kuma kun san gidajenmu, kowa a bakin ƙofa yake cire takalmi, wato kullum a jere ake ajiye wa Sajan liyafa. Ta rariya yake kurɗowa. Ya gama da silifas ɗin banɗaki, ya gama da kambas ɗina na makaranta, ya cinye wanda Hajiya ta zo da shi daga Makka. Kuma don mugunta ƙafa ɗaya yake ɗauka, yanzu duk gidanmu wari da wari muke yawo kamar sabon yayi. Hajiya kuwa har ƙafar da bai taɓa ba sai ta wanke sau bakwai da ƙasa, sannan ta jefar da ita, sannan ta zo ta zage ni.

Da Yaya ya ga ilminsa na farko ya haifi wannan, maimakon ya ja bakinsa ya yi shiru sai ya fito da na biyu. Ya ce ai tun farko ƙashi ya kamata a ba shi, kare da ƙashi tare Allah ya yi su. Ya tattara ƙasusuwan soyayyar kaza da ya ci ya zuba masa ina makaranta. Na dawo na tarar da Sajan yana ta kakari, miyau na dalala, yana sosa baki da ƙafa, ko ruwa ya kasa sha. Na sa shi a kwali muka nufi asibitin dabbobi ni da Yaya, masu adaidaita sahu da sun ji kwali ya yi kuka sai su ƙara mai. Likitar da ta duba shi ta zaro wani tsinin ƙashi da ya gilma a dasashinsa na sama, ta ce sa'a muka yi, da ya wuce ciki zai iya huda hanji. Ta tambayi wanda ya ba shi. Farfesa ya duƙar da kai yana danna waya, ni na san ko data babu a cikinta.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce dafaffen ƙashi ko soyayye ko gasasshe fashewa yake kamar kwalba. Ƙaho da kofato suna karya haƙori. Busasshiyar fata idan ya haɗiyi guntu tana iya kumbura ta toshe ciki. Ta ce duk abin da zan ba shi in danna da farce, idan bai lotsa ba ya yi masa tauri, kuma ya zama ya fi bakinsa girma don kada ya haɗiye, kuma ina tsaye a kansa. Ta ce in nemi roba mai kauri da aka yi don karnuka, kafin nan in riƙa ba shi babban karas mai sanyi. A hanyar dawowa Yaya ya ce idan na kuskura na faɗa wa Abba, ni da hawa babur ɗinsa har abada. Da muka isa ya ce wa Abba wai tsutsar ciki ce, shi ma tun da farko abin da ya zata ke nan.

Na gwada karas. Hajiya ta kama ni ina ciro shi daga firij, ta ce ita da ta haifi mai gidan ba a taɓa sanyaya mata karas ba. Sajan kuma kafin ka ce wani abu ya gama da shi ya koma neman takalmi. Na tafi Ƙofar Wambai wajen masu robobi. Na ce wa wani mai shago ina neman abin taunawa na kare, ya ce in maimaita, na maimaita, ya kira maƙwabcinsa ya ce zo ka ji ɗan gata. Suka yi dariya suka ƙoshi, ya miƙo min agwagwar roba ta jarirai mai usur a ciki. Ban saya ba, ko ni na san cizo ɗaya usur ɗin zai wuce maƙogwaro.

Abin da ya kawo ƙarshen haƙurin Abba shi ne wani dattijo abokinsa da ya zo gaishe shi daga Ƙofar Nassarawa. Suna zaure suna hira Sajan ya yi gaba da ƙafar hagu ta takalminsa, mai kyau, ɗinkin hannu. Dattijon nan da babbar riga da rawani a cikin silifas ɗina ya tafi gida, dunduniyarsa na jan ƙasa. Abba bai yi faɗa ba. Ya kira ni ya ce takalmi ɗaya ya rage, daga an ƙara zai kira masu bin lungu suna sayen karnuka. Kun san inda waɗannan suke kai su, ba gadi ake kai su ba.

Yanzu ga inda na maƙale. Matar Yaya ta haihu, ranar Asabar suna. Mata za su cika gidan, takalma za su taru tun daga zaure har ƙofar ɗakin Hajiya, ni a ƙiyasina za su ishi Sajan har ya tsufa. Garke kuma a nan za a kafa tukwane, ƙofa a buɗe za ta yini. Na ce a kulle shi a ɗakin ajiya, Hajiya ta ce ba za a yi mata kukan kare a kan jariri ranar suna ba. Sai angon ƙarni ya gyara zama a gaban Abba ya ce a bar masa komai, zai tara ƙasusuwan ragon suna bayan an soya a zube wa Sajan, zai yini yana fama da su ba zai kalli takalmi ba. Abba ya ce madalla, ga mai hankali. Ina tsaye a wurin, na kalli Yaya, ya kalli silin. Da na tare shi daga baya cewa ya yi ai ƙashin kaza ne matsala, na rago daban yake, likitar ba ta yi bincike mai zurfi ba.

To jama'a, in na yi shiru a ba shi ƙashi, ƙila in wayi gari babu Sajan. In na hana ba tare da wani abu a madadinsa ba, zai ɗauki takalmin wata gwaggo, Abba ya cika alkawari. In kuma na je na faɗa wa Abba gaskiyar abin da likita ta zaro da wanda ya fara ba shi takalmi, na kunyata babban wa a satin sunan ɗansa na fari, za a ce auta ba shi da kunya, maganar babur kuwa ta mutu.

Masu kiwon kare a cikin birni, me kuke ba naku su gwagwiya wanda zai daɗe kuma ba zai cutar ba? A ina ake samun robar nan a Kano ba tare da an tara min kasuwa ba? Akwai dabarar raba kare da takalmi kafin Asabar? Sannan in faɗa wa Abba ko in ƙyale?

Babur ɗin zan iya haƙura da shi, dama rabin lokaci tura shi nake. Amma ko me kuka yanke, ku taya ni da addu'a guda, ranar da jaririn nan zai fara haƙori Allah ya sa ubansa ba ya gida.