Tsagen Gobirawa a Hoton Amurka

Assalamu alaikum Kawu,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya iyali, ya ƙafar Inna?

A nan unguwar Darrasa, inda nake karatu, na saba da wani dattijo baƙar fatar Amurka mai koyon Larabci. Makon jiya ya nuna mini hoton waɗanda suka gina jami'arsu, 'yantattun bayi da aka daɗe ana hana su karatu. Kawu, ɗayansu na da tsagen Gobirawa irin naka. Na tambayi sunansa, ya ce, "Ba wanda ya rubuta."

Ɗaliban jami'ar sun ragu, dattijon zai koma ya koyar kyauta don kada a rufe ta. Ni kuwa fuskar nan ta hana ni sakat.

A sa makarantar a addu'a, da bawan Allahn nan mai tsage. A gaida kowa.

Ɗanka,
Nasiru