Ramin Mita Ɗaya da Rabi

Inna Habsa, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ina karatun lissafi da fizik a jami'a nan Agadez. Na faɗi jarrabawa, saura dama guda. Tambayoyin da muke da su na haddace su kamar Fatiha, shi ya sa nake neman masu wuya a intanet duk sa'ad da rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi mini adalci. Na kyauta da na samu na Ingilishi ne, ina lallaɓawa da ƙamus. Amma Inna, amsata da ta masu tambayoyin ba sa haɗuwa. Jiya ma: an saki dutse a rami mai zurfin 1,500 m, wato mita ɗaya da rabi. Na ce ƙiftawar ido ya isa ƙasa. Su kuma wai sai an daɗe ana jira. Abin da yaro zai gane ya gagare ni.

A Dabaga rijiyar garkarmu ta ƙafe, albasa ta ƙone. Tun da sojoji suka hau mulki, tsada ta hana mu numfashi. Yayana Nomau ya tafi haƙar zinariya Djado, tun bara babu labarinsa. Baba bai ce in bi shi ba, amma ya daina tambayata karatu. Akwai motar Djado da za ta tashi bayan Juma'a. In kaina ya mutu, ba gara in ba da ƙarfina ba?

Ɗan garka

Ɗana, kanka lafiya lau. Birgil ne, waƙafin nan na cikin 1,500, ya yaudare ka. Mu da muka yi lakwal, wato boko, da Faransanci, wannan ɗan waƙafi yana raba mita da guntunta. A Ingilishi dubbai yake rabawa. Raminka mita dubu da ɗari biyar ne. Koma kan tambayoyin da alƙaluma, ka gani. Ka nemi tsofaffin jarrabawowin jami'o'i masu Faransanci, ka sauke su a waya tun rezo na nan, ka riƙa gwada amsarka da ta aboki.

Ba zan ce maka yunwa ƙarya ce ba, kuma digiri ba ya cika rijiya bana. Wataƙila ka sake faɗuwa. Amma je Dabaga ka tambayi Baba baki da baki. Shirun da kake ji kora ne, mai yiwuwa tsoro ne: ɗa guda ya riga ya shiga rami bai fito ba.

Djado ba ta gudu. Zauna jarrabawarka tukuna. Ka yi kuskuren auna rami a takarda, an yi gyara. Na can ba a gyarawa.

Allah ya buɗa maka, ya bayyana Nomau, ya ba mu damina.

Inna Habsa