Asuwakin da Ya Sauko da Kawuna daga Kan Dutse

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Gandun Dutsen Tsibiri,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya. Ni Bakano ne, ina sarin takalma a titin Zhanxi Lu da ke nan Guangzhou. Wallahi na gaji, ban ma sa ran amsa ba, amma abin ya ƙi barin raina.

Na ɗaya. Ranar Lahadin da aka rufe wasannin Olamfik na kawo kawuna, Alhaji Ilya, gandunku. Shekara da shekaru yana zuwa Guangzhou, bai san ko'ina ba sai kasuwa da masauki. Bana an ƙi sabunta masa biza, ga ciwon gwiwa, ya san ba zai dawo ba. Abu ɗaya ya roƙe ni, in kai shi inda zai ga ƙasar nan daga sama.

Na biyu. Muka sauka daga jirgin ruwa, muka yanki tikiti, muka kama hawa. Yana dafe da kafaɗata yana haki, in na ce mu koma sai ya harare ni. Har mun fara jiyo muryoyin waɗanda suka isa ƙololuwa sai Azahar ta yi. Kafin alwala ya karyi ɗan reshe, bai fi tsawon yatsa ba, ya yi asuwaki kamar yadda ya saba tun yana yaro. Sai mai gadi ya busa usur.

Na uku. Ashe itacen na cikin waɗanda doka ta hana taɓawa. Ban musa ba, amma allon gargaɗin da Sinanci kaɗai aka rubuta shi. Na ba da haƙuri da ɗan yaren da na iya, na ce a ci mu tara, a bar dattijo ya ƙarasa. Ina! Aka tasa mu gaba har ƙasa kamar ɓarayin akuya, mutane na ɗaukar mu hoto. Haka muka koma masauki a unguwar Xiaobei.

Ina roƙo ku sa zane a allunanku, ko wanda bai iya karatu ba ya gane. Baƙon da ya yi kuskure kuma a ci shi tara, a bar shi ya kai inda ya nufa.

Ranar da zai koma gida, a filin jirgin Baiyun, Kawu ya ce in koma in hau, in gaya masa abin da ake gani. Na kasa komawa, shi kuwa duk Juma'a sai ya bugo ya tambaya. Don Allah ku aiko mini da hoto ko da ɗaya ne daga can sama, in sami abin faɗa masa.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka tsufa mai mutunci.

Wassalam.

Sabi'u, Xiaobei