Ciwon Marar da Aka Ce Aure Zai Warkar

Alƙahira, Yuni 1999

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Baba da duk mutanen Yakasai. Mun ji soja sun miƙa mulki, Allah ya sa alheri.

Kada ki tayar da hankalinki, an yi mini aiki, har na fara takawa. Inna, ciwon marar da ke sa ni birgima tun ina budurwa ashe cuta ce. Likitar ta ce irin naman cikin mahaifa ne ya tsiro a wajenta, kumburinsa yana cin ƙwayayen haihuwata kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Na tambaye ta ko zan haihu, ta riƙe hannuna ta ce da wuya. Maigidana ya ce ba komai, amma na ga idonsa.

Don Allah a kai ƙanwata Khadija asibiti, ita ma haka take fama. Zanin goyon da kika ajiye mini kuwa, ki ba Falmata matar Yaya, na ji watanta ya kama. Kada ki gaya mata ni kika ajiye wa.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Bahijja